Launin da Ke Kan Taswira: Tarihin Rigimar Wani Gidan Abinci a Tecoma

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tsakiyar birnin Melbon zuwa Belgrave yakan ci sama da awa ɗaya kafin ya kai ƙarshen layinsa. Idan ya wuce unguwannin da ke shimfiɗe a fili sai ya fara hawan tudu, gidaje su riƙa raguwa, itatuwa su riƙa tsawo har mutum ya gaji da ɗaga kai. Tasha ta biyun ƙarshe ita ce Tecoma. A nan na sauka wata Asabar cikin watan Yulin 2013, lokacin da hunturun ƙasar Ostareliya ya tsananta. Ni ɗalibi ne a lokacin, na je neman ilimin tsara birane, kuma ba ni da dangi ko aboki a garin. Abin da ya kai ni shi ne maganar malaminmu, wanda ya ce duk mai son ya fahimci dokar da muke ta haddacewa, to ya je ya ga mutanen da suke kwana a kan rufin wani tsohon gini saboda ita.

Na gan su kuwa. Suna can sama a duƙunƙune cikin barguna, wasu kuma a ƙasa bakin babban titin Burwood suna ɗauke da kwalaye, motoci na wucewa wasu na yi musu ham don ƙarfafa gwiwa, wasu na jefo musu baƙar magana. An kewaye filin da shingen waya, masu gadi na tsaye a ciki. Wata dattijuwa da ta kai sa'ar kakata ta lura ina rawar ɗari, sai ta zuba mini shayi a murfin filas ɗinta, ta tambaye ni ƙasata da abin da nake karantawa. Da ta ji amsata sai ta gyara tsayuwa, ta ce ashe ta samu wanda zai warware mata abin da ya ɗaure mata kai. Ta ce sun bi duk ƙofar da aka ce su bi, sun rubuta ƙorafi, sun halarci zama, kansilolinsu sun goyi bayansu baki ɗaya, amma ga shi ana shirin rushe ginin a kan idonsu. A ina suka yi kuskure? Na shanye shayin, na yi godiya, na kama hanyar tasha ba tare da na ba ta amsa ba, domin a ranar ba ni da ita. Wannan rubutu shi ne abin da na tattara daga baya.

Tecoma ƙaramin gari ne mai mutane kimanin 2,000, a gefen tsaunukan Dandenong, tazarar kilomita 35 gabas da Melbon a jihar Biktoriya. Mutanen wurin suna alfahari da cewa su mazauna tudu ne, a kusa da daji, nesa da hayaniyar birni. A 2011 kamfanin McDonald's, wanda ya buɗe shagonsa na farko a Ostareliya tun 1971 a wata unguwa ta Sidni, ya nemi izinin gina gidan abinci a bakin babban titin garin. Shagon zai riƙa aiki dare da rana, da taga ta musamman wadda mai mota zai karɓi abincinsa ba tare da ya sauko ba. Filin yana kusa da makarantar firamare da ta renon yara, kuma a cikinsa akwai tsofaffin gine-gine, har da wanda a da can wurin sayar da madara ne.

Ƙa'idar jihar ita ce idan an nemi izinin gini irin wannan sai a sanar da jama'a, duk wanda abin zai shafa ya rubuto ƙorafinsa. Majalisar ƙaramar hukumar Yarra Ranges ta karɓi takardun ƙorafi 1,170. A gari mai mutum 2,000 wannan adadi ba wasa ba ne, ko da yake wasu takardun daga garuruwan maƙwabta suka fito. Dalilan sun haɗa da cunkoson motoci, da shara a bakin daji, da hayaniyar dare, da hasken fitilu, da lafiyar yara, da makomar ƙananan masu sayar da abinci, da kuma wani abu mai wuyar aunawa, wato kamannin garin da yadda mazaunansa suke jin sa a ransu. A watan Oktoban 2011 majalisar ta zauna a gaban ɗaruruwan mutane, kansiloli suka ƙi amincewa da buƙatar, babu ko ɗaya da ya saɓa. Mutane suka koma gida da murna, suna ganin an kashe maganar.

Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A Biktoriya, hukuncin ƙaramar hukuma kan izinin gini ba shi ne na ƙarshe ba. Akwai wata kotu ta musamman mai duba hukunce-hukuncen hukumomi, wadda ake kira VCAT a taƙaice, da ta fara aiki a 1998. Wanda aka hana izini yana iya kai ƙara gabanta, haka ma mai ƙorafin da aka yi watsi da ƙorafinsa. Abin da ya bambanta ta da kotunan da muka saba shi ne, ba ta tsayawa ga duba ko majalisa ta bi ƙa'ida wajen yanke hukunci. Takan ɗauki takardar neman izinin ta sake dubawa tun daga tushe, tamkar ita ce majalisar, sannan ta yanke nata. McDonald's ya ɗaukaka ƙara. A watan Oktoban 2012, shekara ɗaya cif bayan waccan murna, kotun ta soke hukuncin kansiloli ta ba da izinin gini tare da wasu sharuɗɗa.

Na karanta wannan hukunci sau da yawa, da farko cikin fushi, daga baya cikin natsuwa, kuma sai a karatu na uku ko na huɗu na gane cewa asalin maganar ba a zauren kotun aka yanke ta ba. An yanke ta shekaru da dama kafin nan, a ranar da aka shafa wa wannan fili launi a kan taswira.

Ga yadda abin yake. Dokar tsara ƙasa da muhalli ta jihar, wadda aka kafa a 1987, ta tanadi cewa kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsari, kuma a cikinsa akwai taswirar da ta karkasa ƙasa zuwa shiyyoyi: nan na gidajen zama, can na kasuwanci, gaba na masana'antu, wancan na noma. Kowace shiyya tana da jeri uku. Akwai abubuwan da mai fili zai yi ba tare da ya nemi izinin kowa ba, akwai waɗanda sai da izini, akwai waɗanda aka haramta ƙwata-ƙwata. A 1994 gwamnatin Jeff Kennett ta haɗe ƙananan hukumomin jihar, suka sauko daga 210 zuwa 78. A wannan haɗewa ce tsohuwar ƙaramar hukumar Sherbrooke, wadda ta mutanen tudu ce zalla, ta narke cikin babbar Yarra Ranges. Daga 1996 kuma gwamnatin ta fito da shiyyoyi na bai-ɗaya ga jihar baki ɗaya, ta yadda abin da kalmar shiyyar kasuwanci take nufi a tsakiyar Melbon shi take nufi a ƙauyen da ke bakin daji. An yi haka ne don mai zuba jari ya san matsayinsa tun kafin ya sayi fili, kuma ba zan ce wannan manufa banza ce ba.

A wancan lokaci filin Tecoma yana cikin shiyyar kasuwanci ta ɗaya. A wannan shiyya, sayar da dafaffen abinci yana cikin jerin farko, wato abin da ba ya buƙatar izini. Abin da kamfanin ya nemi izini a kansa shi ne siffar ginin, da allunan talla, da wurin ajiye motoci, da yadda za a shiga a fita daga babban titi. Saboda haka duk ƙorafin da ya shafi ko ya dace a sayar da irin wannan abinci kusa da makaranta, ko wane ne mai shagon, ko me zai faru da mai ƙaramin shagon da ke gefe, bai shiga cikin tambayar da ke gaban kotun ba. Doka ba ta san sunan McDonald's ba, gidan abinci kawai ta sani. Da wani ɗan garin ne ya nemi gina shago mai wannan fasali, da ma'auni ɗaya za a auna shi. Abin da ya rage na ƙorafin, wato motoci da hayaniya da fasalin gini, kamfanin ya kawo ƙwararrun injiniyoyi da masu zane suka ba da shaida a kai, kotun kuma ta gamsu cewa sharuɗɗa za su magance shi. Yawan masu ƙorafi kuwa, a dokar wancan lokaci, ba hujja ba ce a karan kanta. Takarda dubu da ke maimaita dalili ɗaya, dalili ɗaya ne.

Hanyar da ta rage ita ce Kotun Ƙoli ta jihar, ita kuma ba ta sauraron irin wannan ƙara sai an nuna kuskure a fassarar doka. Majalisar ta zaɓi kada ta bi wannan hanya. Ministan tsara birane na lokacin, Matthew Guy, shi ma bai sa baki ya tsayar da aikin ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa sunan Tecoma ya zagaya duniya. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin, mutane suka shiga filin da shebur da tsirrai suka dasa lambu, suka riƙa kwana suna gadinsa har kusan wata guda kafin 'yan sanda su fitar da su. Sun bi gida-gida suna tambayar ra'ayi, suka ce kusan tara cikin goma na waɗanda suka amsa ba sa son shagon. Ya kamata a tuna cewa su da kansu suka yi wannan ƙidaya, kuma ba kowa ne zai iya kallon idon maƙwabcinsa a ƙofar gida ya ce masa a'a ba. Duk da haka babu wanda ya kawo ƙidayar da ta ƙaryata ta. A 2013 dubban mutane suka yi jerin gwano a titin garin. Da aka zo rushe tsofaffin gine-ginen a watan Yuli sai wasu suka haye rufi, waɗanda na je na gani ke nan, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan gine-gine kuma ta janye 'ya'yanta daga wurin. Kamfanin ya samo umarnin kotu na hana shiga filin, ya kuma maka mutum takwas a kotu. Wani babban ofishin lauyoyi ya tsaya musu kyauta, aka sasanta kafin shekarar ta ƙare. A watan Satumba wasu wakilai suka tara kuɗin jirgi daga gudummawar jama'a suka tafi har Shikago a Amurka, inda hedikwatar kamfanin take a wajen birnin a wancan lokaci, ɗauke da takardar koke mai sa hannun mutane sama da 90,000.

Wannan tafiya ta tuna mini da wata da ta girme ta da fiye da ƙarni guda, a cikin wannan ƙaramar hukuma ɗin dai. Ƙasar tun asali ta mutanen Wurundjeri ce. Bayan Turawa sun mamaye ta, an tsugunar da ragowarsu a wani wuri mai suna Coranderrk kusa da Healesville a 1863, suka noma shi ya yi albarka, sai maƙwabta suka sa masa ido. Shugabansu William Barak ya sha jagorantar mutanensa su taka da ƙafa har Melbon don kai koke ga mahukunta. An saurare su, har an kafa kwamitin bincike a 1881, amma a 1924 aka rufe wurin. Ba ina daidaita asarar ƙasa da gina shagon soyayyen dankali ba ne, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Abin da ya ja hankalina kawai shi ne yadda takardar koke ta daɗe tana sauka daga waɗannan tuddai zuwa wurin masu riƙe da taswira.

An rushe ginin, an yi sabo, kuma a watan Afrilun 2014 shagon ya buɗe.

A wancan lokaci zuciyata gaba ɗaya tana tare da mutanen rufi, duk da cewa ni ko naman shagon ba na ci. Na rubuta wa malaminmu takarda mai zafi, na ce tsarin da zai bar alƙalan da ba wanda ya zaɓe su su rushe abin da zaɓaɓɓun wakilai suka yanke baki ɗaya, to sunansa kawai dimokuraɗiyya. Ya ba ni maki mai kyau, amma ya rubuta a gefen takardar cewa in ajiye ta, in sake karantawa ranar da taron jama'a ya juyo kaina. Akwai kuma abokin zamana a gidan haya, wanda da aikin dare a irin waɗannan shaguna yake biyan kuɗin makaranta. Shi a ganinsa masu zanga-zangar mutane ne da suka ƙoshi, suna hana yaran garinsu aikin da shi yake rayuwa da shi. Na yi ta musu da shi, amma ban taɓa kayar da shi sarai ba.

Ranar da malamin ya faɗa ba ta yi nisa ba. A birnin Bendigo, arewa maso yamma da Melbon a cikin jihar dai, Musulmi sun nemi izinin gina masallacinsu na farko. Takardun ƙorafi sama da 300 suka shigo, da yawansu ba su da alaƙa da motoci ko tsayin gini, tsoron Musulunci ne tsagwaronsa. A watan Yunin 2014 kansiloli suka amince da ginin cikin ihu da zagi daga 'yan kallo. Aka rataya baƙaƙen balan-balan a gari, aka yi gangami, mutane suka zo daga wasu jihohi don taya ƙin. Masu adawa suka kai ƙara VCAT, kotun nan dai da na la'anta. A watan Agustan 2015 ta tabbatar da izinin, bisa hujjar cewa ba a kawo shaidar da ta nuna masallacin zai cutar da zaman jama'a ba, kuma fargabar da ba ta da madogara ba ta zama dalili don masu yin ta sun yi yawa. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta goyi bayan haka a ƙarshen shekarar, babbar kotun ƙasa kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2016.

Na yi murna da wannan hukunci, sannan na ji kunya, domin ma'aunin da ya kare masallacin Bendigo shi ne ma'aunin da ya kayar da dattijuwar da ta ba ni shayi. A duka biyun kotun ta ce ita dalilai take aunawa, ba kawuna take ƙirgawa ba. Ba zai yiwu in yaba mata a nan in zage ta a can ba, sai dai idan abin da nake so shi ne kotun da ke bin son raina. Na ɗauko tsohuwar takardata na karanta kamar yadda aka umarce ni, ban ji daɗin haɗuwa da wanda ya rubuta ta ba.

Amma ban koma na ce mutanen Tecoma ba su da gaskiya ba, kuma har yau ban ce ba. Tsakanin ƙorafinsu da na Bendigo akwai bambanci na haƙiƙa. Su abin da suka tsaya a kai, wato abin da yara za su ci a ƙofar makarantarsu da irin garin da suke so su tsufa a ciki, abu ne da ya halatta al'umma ta yanke wa kanta. Laifin tsarin shi ne bai ba wannan magana wurin zama a ranar shari'a ba, domin an riga an rufe ƙofarta tun lokacin da aka rubuta jerin abubuwan da ba sa buƙatar izini. A Ingila an bi wata hanya. Ƙaramar hukumar Waltham Forest a Landan ta rubuta a cikin ƙa'idojinta tun 2009 cewa ba za ta yarda da sabon shagon abincin ɗauki-ka-tafi ba a cikin tazarar mita 400 daga makaranta. A 2010 babbar kotu ta soke wani izini da Tower Hamlets ta bayar, saboda an gaya wa kansiloli cewa kusancin shago da makaranta ba abin dubawa ba ne, alhali kuwa abin dubawa ne. Daga baya wannan tazara ta mita 400 ta shiga kundin tsarin birnin Landan gaba ɗaya na 2021. A can ba sai an hau rufi ba, domin an rubuta maganar a wurin da alƙali zai karanta ta, kuma an rubuta ta ga kowa, ba don wani kamfani ɗaya ba.

Gwagwarmayar Tecoma ba ta tashi a tutar babu ba. Gwamnatin Daniel Andrews da ta hau mulki a ƙarshen 2014 ta kawo gyaran doka a 2015, ta hannun ministanta Richard Wynne, wanda ya wajabta wa majalisu da VCAT su yi la'akari da yawan masu ƙorafi, inda ya dace, yayin da suke duba ko wani gini zai yi babban tasiri ga zaman jama'a. An yi ta ambaton Tecoma a muhawarar wannan gyara. Sai dai wanda ya karanta jimlar da kyau zai ga an yi ta da taka-tsantsan. Ba ta ce mafi yawa su ne masu nasara ba, kuma hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun nuna cewa yawa shi kaɗai bai isa ba sai an haɗa da shaidar tasirin. Wasu daga cikin mutanen tudu sun kira ta ta-leƙo-ta-koma. Ni kuwa, da na tuna baƙaƙen balan-balan na Bendigo, ban yi fatan a rubuta ta da ƙarfin da ya wuce haka ba.

Akwai abu ɗaya da na gano a ɗakin karatu bayan komai ya lafa, ina bin tsofaffin sanarwar gwamnati don wani aiki daban. A cikin watan Yulin 2013, watan da na tsaya a bakin titin Burwood da murfin filas a hannuna, gwamnatin jihar ta soke shiyyoyin kasuwanci biyar da ake da su ta maye gurbinsu da sababbi guda biyu, ta kuma faɗaɗa jerin abubuwan da mai fili zai yi ba tare da neman izini ba. Tun a 2012 aka fitar da daftarin gyaran aka nemi ra'ayin jama'a, lokacin da hankalin mutanen tudu yake kan shari'arsu. Sanarwar ta fito a jaridar gwamnati cikin ƙananan haruffa, da lamba a maimakon suna. Na duba kwanan watan sau biyu, na lissafa, na ga kwanaki kaɗan ne tsakaninta da Asabar ɗin da na je Tecoma. Mu ɗaliban tsara birane ma, da aka ce wannan ne fanninmu, a makon nan hirar mutanen rufi muke yi.